Ranar da Aka Tafa wa Baba Kitamori

A hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene a unguwar Pantai Dalam ta birnin Kuala Lumpur, ƙofofi biyu ne ke kallon juna a ƙarshen baranda. Ta hagu ta Malam Mansur ce, malamin kwalejin ilimi da gwamnati ta turo daga Kano ya yi digiri na uku. Yana zaune da matarsa Ruƙayyatu da 'yarsu guda ɗaya, Ulfa, mai shekara tara. Ci da sha ba su gagare su ba. Abin da babu a gidan shi ne babba. A gidan da suka baro a Gwammaja, tsofaffi uku ake bi ɗaki-ɗaki ana gaisarwa kafin a karya kumallo, a nan kuwa daga uwa sai uba. Ulfa kuma tana da nata rashin daban: i'ina take yi. Kalma takan zo mata har bakin haƙora ta toge, ta yi ta bugun harafin farko har mai sauraro ya ƙosa ya ƙarasa mata. Ta daɗe da gano cewa in ta yi shiru ba wanda zai yi mata dariya, saboda haka sai ta riƙe shirun.

Ƙofar dama ta wani tsoho ce ɗan Japan, Kitamori Shunji. Shi da matarsa suka zo Kuala Lumpur bayan ya ajiye aiki, don likita ya ce ƙafafunta ba sa son sanyi. Ta rasu shekara biyar da suka wuce, shi kuma bai koma gida ba. Yana da littattafai, yana da tukwanen furanni, yana da 'yar ƙaninsa a Osaka da ke kiransa duk ranar Lahadi. Mai ƙwanƙwasa masa ƙofa ne ba shi da shi.

Ran Sallar layya Ruƙayyatu ta cika kwano da soyayyen nama ta miƙa wa Ulfa.

“Ungo, kai wa tsohon nan na gaba. Shekara biyu muna haɗuwa a lif muna gyaɗa wa juna kai kamar ƙadangaru. Kuma ki durƙusa ki gaishe shi, ban da wannan hai-hai ɗin naku na 'yan Malesiya.”

“Umma, I c-c-can't lah.”

“Da Hausa na yi miki magana. Wuce.”

Tsohon ya buɗe ƙofa sanye da wata shuɗiyar riga mai ɗamara. Ulfa ta durƙusa har ƙasa ta ɗaga masa kwanon da hannu biyu. Shi kuwa a ƙasarsu ba a barin baƙo ya fi mai gida ƙasƙantar da kai, sai ya sunkuya. Ya ga har yanzu yarinyar tana ƙasa da shi, sai ya dafa bango ya durƙusa shi ma. Da Ulfa ta ga tsoho ya durƙusa mata, kunya ta kama ta, ta ƙara yin ƙasa. Shi ma ya ƙara, har goshinsa ya kusa taɓa murfin kwanon. Daga nan ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi.

“A-A-Abba!”

Malam Mansur ya fito da gudu cikin babbar rigarsa ta Sallah, ya tarar da 'yarsa da maƙwabcinsa a durƙushe, kwano a tsakaninsu. Ya kama tsohon ya ɗaga. Tsohon na dariya har da hawaye, amma dariyar ba ƙara, sai wani sauti kamar ana jan tabarma a kan siminti.

“Shekara arba'in ina faɗuwa a gaban kyamara,” ya ce da kakkaryayyen Turancinsa, “yau ce rana ta farko da na kasa tashi da kaina.”

Tun daga ranar ya zama Baba. Sunansa Ulfa ba ta iya faɗa ba, don harafin farkonsa shi ne babban abokin gabarta. Kwano kuwa ya shiga zirga-zirga tsakanin ƙofofin biyu. Ruƙayyatu ta gano cewa tsohon ba abin da yake so kamar miyar kuɓewa, ya ce a garinsu ma abu mai yauƙi shi ne abinci, saboda haka duk ran da Malam Mansur ya je kasuwar Chow Kit sai ya ƙaro kuɓewa. Kwanon kuma bai taɓa dawowa wayam ba. Yau tuffa a fere an yanka ta kamar kunnen zomo, gobe lemo, jibi inibi.

“Wannan tsoho ba zai bari mutum ya samu lada ba,” in ji Ruƙayyatu. “In ka ba shi ɗaya sai ya maido biyu.”

A falonsa Ulfa ta ga hotunan. Akwai wani saurayi da farar kwat, gashi ya sha mai an taje shi sama, ya riƙe makirufo kamar zai gaya mata asiri.

“Wa-wa-wa…”

Kalmar ta toge. Ulfa ta jira ya ƙarasa mata, kamar yadda Umma take yi, kamar yadda malamar ajinsu take yi. Baba bai ƙarasa ba. Bai kau da kai ba, bai kuma yi fuskar tausayi ba. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa yana kallonta kamar wanda ba shi da wani aiki a duniya.

“…wane ne wannan?”

“Wani yaro ne mai girman kai,” ya ce. “Ni ne.”

A hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, ta ji labarinsa. Ɗan masunta ne daga wani ƙauyen bakin teku a arewacin Japan. Yana da shekara goma sha bakwai ya tafi Tokyo, ya yi wanke-wanke a gidan rawa har mai gidan ya ji shi yana waƙa a bakin famfo. Yana da ashirin da biyu ya yi waƙa guda ɗaya da ta karɓu, a kan wata mata da ke jiran jirgin ruwa. Shekara guda cur ba shagon da za ka shiga ba ka ji ta ba. Daga nan kunnen mutane ya koma wajen samari masu gita da dogon gashi, fayafayansa suka yi ta shan ƙura. Yana shirin komawa kamun kifi sai wani darakta ya nemi wanda zai fito a fim a matsayin mawaƙin da tauraronsa ya dushe.

“Ban ma yi wahalar koyo ba,” in ji Baba.

Fitowar minti uku ce, amma ita ta buɗe masa aikin shekara arba'in a fim da talabijin. Ya lissafa mata da yatsu: ya yi likita sau sittin, ɗan sanda ba adadi, mai shagon taliya, direban tasi, uban amarya sau goma sha ɗaya, shi da bai taɓa haihuwa ba. Ya mutu sau ashirin da bakwai. In ana jero sunaye a ƙarshen fim, nasa na biyar ne ko na shida, wani lokaci sai mutane sun fara tashi yake fitowa. Yana da shekara saba'in aka yi masa aiki a maƙogwaro, aka ceci ransa, muryar ta tafi.

“Tawa ta ƙare,” ya ce mata wata rana. “Ke kuwa taki tana nan sabuwa, kin kulle ta a ɗaki. In Ummanki ta yarda, ki riƙa zuwa bayan makaranta.”

Ruƙayyatu ta yarda, da sharaɗin a bar ƙofofin biyu a buɗe, tana yankan albasa tana hango su. Darasin farko ba magana a cikinsa. Ya sa Ulfa ta kwanta a tabarma, ya ɗora mata wani ƙaton ƙamus a ciki, ya ce ta ɗaga shi da numfashi ta sauke. Sati biyu suna wannan. Daga baya ya fito da kujerar roba ya ajiye can bakin lif, ya tsayar da ita a ɗaya ƙarshen barandar.

“Ni tsohuwa ce a kujerar ƙarshe,” ya ce. “Kunnena ɗaya ya mutu, kuma tun daga ƙauye na zo don in ji ki. Ki yi magana da ni, ki manta da na gaba.”

“I-i-ina…”

“Kada ki tura ta. Kin taɓa ganin wanda ke tura jirgin ƙasan LRT? Jira ake yi ya zo, ƙofa ta buɗe, a shiga. Saki numfashin tukuna, sannan ki sa kalmar a ciki.”

In ta yi daidai sai ya yi kamar tsohuwar ta farka daga gyangyaɗi. In ta yi ƙasa da murya sai ya kama kunne ya karkace baki, har Ulfa ta fashe da dariya. I'inar ba ta tafi ba, Baba kuma bai taɓa ce mata za ta tafi ba. Abin da ya ragu shi ne gudun da take yi in kalma ta toge.

Duk ranar Juma'a da la'asar, lokacin da hantsi ya yi a Kano, Malam Mansur yakan kira mahaifiyarsa Hajiya Larai. Shekara uku Ulfa na karɓar wayar ta yi murmushi ta mayar. Wata Juma'a, wata bakwai da fara darasi, ta riƙe wayar ba ta mayar ba. Ta saki numfashi.

“Ina kwana, Hajiya. K-kin tashi lafiya? Ya ƙafar taki?”

Daga can Gwammaja aka jiyo kukan zakara ta cikin wayar.

“Kai! Mansur, wace ce wannan? Ka sake haihuwa ne ba ka gaya min ba?”

“Ni ce, Hajiya. Ulfa.”

“Ja'ira! Ashe kina da baki kike min rowarsa shekara da shekaru? To zauna, yau sai kin biya ni hirar da kika hana ni.”

Sun yi minti ashirin. Ruƙayyatu ta shige kicin ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito idonta ya yi ja, hannunta riƙe da kwanon miyar kuɓewa, kuma a ranar da kanta ta kai wa Baba.

Shekara ta zagayo, ciwon maƙogwaron ya dawo. Baba ya ce asibiti ya ishe shi haka, a gidansa yake so ya zauna. Wata nas ta riƙa zuwa kowace safiya. Tuwo ya gagara, aka koma kunu, kunun ma cokali uku. Ya ba Malam Mansur makullin gidansa. Kujerar roba ta daina fita baranda, sai dai Ulfa ta zauna kusa da gadonsa ta karanta masa littafin makaranta, shi kuma yana buga mata lokaci da yatsa a kan bargo.

Wata la'asar ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ɗaga yatsan ya tsayar da ita. Sai da ta kai kunne kusa da bakinsa sannan ta ji.

“A wajen aikinmu akwai wata al'ada. Ran da mutum ya gama fitowarsa ta ƙarshe a fim, sai mataimakin darakta ya ɗaga murya ya kira sunansa, ya ce wane ya gama aikinsa. Kowa sai ya ajiye abin da ke hannunsa, mai fitila da mai kyamara da mai shara, a tafa masa. Ko fitowar minti biyu ya yi.”

Ya huta, ya haɗiye yawu da ƙyar.

“A benen nan ba a fitar da gawa ta ƙofar gaba. Ta lif ɗin kaya ake bi, a fita ta baya, wajen bola. Haka aka fitar da matata, ni kaɗai a tsaye. Ita mai son shiru ce, bai dame ta ba. Ni kuwa kin san mu 'yan wasa, ba mu da kunya. Ina so a kira sunana a tafa min. Za ki yi?”

“Ka gaya wa A-Abba mana.”

“Babanki mutumin kirki ne, amma mai digiri ne. Kafin ya gama tunani mota ta tafi.”

“Baba, ban iya fa-faɗin sunanka ba.”

“Na sani. In ya toge ki jira shi. Ni dai a ranar ba sauri nake ba.”

Ulfa ta ce to.

Ba ta gaya wa kowa ba. Sau biyu tana zuwa bakin kicin da niyyar faɗa wa Umma, sai ta ga ba ta san ta inda za ta fara ba. Takan shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji, ta tsaya gaban madubi. “Ki-ki-ki…” Wani lokaci sunan ya fito, sau da yawa ya ƙi.

Ranar wata Asabar da safe Malam Mansur ya ɗauki fulas ɗin kunu ya shiga gidan Baba. Bai jima ba ya dawo, fulas ɗin a hannunsa yadda ya tafi da shi. Ya ajiye a kan tebur a hankali.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya tafi. Nas ta ce bai wahala ba.”

Ruƙayyatu ta zauna a hannun kujera ta rufe fuska da gyale. Ulfa ba ta yi kuka ba. Abin da ta yi ta fatan kada ya zo ne ya zo.

Safiyar ta tafi a kan takardu. Likita ya zo, 'yan sanda suka zo suka tafi. Malam Mansur ya kira 'yar ƙanin Baba a Osaka, ta yi kuka, ta ce sai Litinin za ta iya isowa, ta roƙe shi ya tsaya a madadinta. Masu ɗaukar gawa suka ce ƙarfe uku za su zo. Manajan benen ya hau da kansa ya yi ta'aziyya, ya kuma tuna musu cewa ta lif ɗin kaya za a bi.

Bayan azahar Ulfa ta tsaya a tsakiyar falo, iyayenta na zaune. Ta ɗora hannu a ciki, ta saki numfashi, ta fara. Ta gaya musu al'adar, da lif ɗin kaya, da matar Baba, da abin da ya roƙa. Ta toge sau da yawa, amma ba ta gudu ba.

“Tafi?” Ruƙayyatu ta sauke gyalen daga fuskarta. “Tafi fa kika ce? Gawa ake tafa wa, Ulfa? Biki ne?”

“Shi ya ce, Umma.”

“Shi ya ce, shi al'adarsu ce. Mu a garinmu wanda ya tafa a gaban makara sai a ce ya zare. Yanzu wani ya ɗauka a waya ya watsa, gobe Kano ta kwana da labarin iyalin Malam Mansur sun je Malesiya suna yi wa gawa tafi. Da wane ido zan kalli mutane? Wallahi ina son tsohon nan kamar ubana, amma wannan kam a'a.”

Malam Mansur ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

“Ulfa, roƙonki ya yi, ko labari kawai ya ba ki?”

“Roƙona ya yi.”

“Kika ce masa me?”

“Na ce to.”

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ulfa ta tuna abin da Baba ya ce game da masu digiri, ta dubi agogon bango. Biyu da kwata.

“Rakiya kam za mu raka shi,” ya ce daga ƙarshe. “Maƙwabcinmu ne, haƙƙinsa ne a kanmu. Za mu tsaya a tsaye har motar ta tafi. Tafi kuwa, gaskiya ban san shi ba, ba kuma zan ce miki na sani ba. Ni ba zan yi ba. Amma ke kika ce to, kuma ba wani mugun abu ya roƙe ki ba. Ba zan riƙe miki hannu ba.”

“Malam!”

“Ruƙayya, yarinyar nan ta tsaya a gabanmu yanzu ta yi magana ta kusan minti biyar. Bara war haka ko ruwa take so sai dai ta nuna da yatsa. Bayan Allah, wa ya yi mana wannan?”

Ruƙayyatu ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito sanye da doguwar hijabinta mai ruwan toka.

“Ni dai rakiya zan yi,” ta ce. “Hannuna yana cikin hijabi, kada wanda ya neme shi.”

Ƙarfe uku da 'yan mintoci mutum biyu suka zo da gado mai taya, dattijo ɗaya ɗan China da wani matashi, dukansu da fararen riguna da safar hannu. Suka naɗe Baba da farin ƙyalle. Ulfa ta yi mamakin ƙanƙantarsa. Lif ɗin kaya ba ya ɗaukar kowa da kowa, saboda haka su uku suka sauka ta na mutane, suka zagaya ta wajen ajiye motoci zuwa bayan benen.

Wajen ya yi zafi, ga warin bola daga manyan mazubai kore guda huɗu. Farar mota ta juyo da baya, ƙofofinta a buɗe. Mai gadi, wani ɗan Nepal, yana tsaye da rediyon hannu. Wata mai shara 'yar Indonesiya ta jingina tsintsiyarta ta ja gefe. Akwai wata tsohuwa Bamalayiya daga hawa na sha biyu da ta sauko zubar da shara, da wani mai kai abinci a kan babur yana duba waya. Su ke nan.

Lif ya buɗe. Tayoyin gadon suka yi ƙara a kan siminti. Mutanen biyu sun saba aikinsu, kafin Ulfa ta gyara tsayuwa har sun tura gadon cikin mota. Ta matsa gaba. Ta nemi kujerar ƙarshe, ta zaɓi mai babur, shi ya fi kowa nisa.

“Ki…”

Ya toge.

“Ki-ki-ki…”

Matashin ya rufe ƙofa ɗaya. Mai gadi ya dube ta, ya dubi iyayenta. Zufa ta keto mata a ƙarƙashin ɗankwali. Ta ji harshenta ya manne a sama kamar an sa masa ƙusa, ta ji tsohuwar sha'awar nan ta juyawa ta ɓuya a bayan Umma. Matashin ya kama ƙofa ta biyu.

“Dakata kaɗan, don Allah,” Malam Mansur ya ce masa, ya ɗaga hannu.

A bayanta ta ji Umma ta ja numfashi, irin wanda take ja in za ta ƙarasa mata kalma. Ulfa ta runtse ido tana jira. Kalmar ba ta zo daga baya ba. Ruƙayyatu ta haɗiye ta.

Wajen ya yi tsit, sai ƙugin injin mota. Ulfa ta daina turawa. Ta bar iskar da ke ƙirjinta ta fita duka, ta ja sabuwa har cikinta ya taso, ta sake ta a hankali.

“Kitamori Shunji!” Muryar ta doki bangon siminti ta dawo, har mai babur ya ɗago kai. Ta ci gaba da Turanci don kowa ya ji. “Mawaƙi, ɗan wasa. Ya g-gama aikinsa!”

Ta fara tafi.

Ita kaɗai. Tafin yarinya ɗaya a bayan bene ba shi da wani kauri, kamar ɗigar ruwa a bokiti. Mai shara ta dubi mai gadi. Tsohuwar ta riƙe ledarta da hannu biyu. Ulfa ta ci gaba, idonta a kan farin ƙyallen, hawaye na sauka har cikin bakinta.

Dattijon ɗan China ya matso kusa da Malam Mansur.

“Da gaske ɗan wasa ne?”

“Shekara arba'in. Mawaƙi ne kuma kafin nan.”

“Ayya, ba wanda ya gaya mana.”

Ya zare safar hannunsa ɗaya bayan ɗaya ya cusa a aljihu, ya juya ya fuskanci motar, ya shiga tafi da manyan tafukansa. Matashin ya saki ƙofa ya bi shi. Mai gadi ya maƙale rediyonsa a ɗamara. Mai shara ta shiga, tsohuwar ta ajiye leda a ƙasa ta shiga, mai babur ma, wanda bai san ko wane ne ba, ya sa wayarsa a aljihu. Malam Mansur bai tafa ba. Ya tsaya ƙyam, hannunsa na dama a ƙirji, yana cewa a hankali, “Mun gode, Baba. Mun gode.”

Sai Ulfa ta ji wani sauti a bayanta, a dushe, kamar ana kaɗe matashi. Ta waiga. Fuskar Umma a jiƙe take, tana kallon gaba kamar ba ita ba, gaban hijabinta kuwa yana motsi, awarwaronta na ƙara a ciki.

Suka yi ta yi har dattijon ya sunkuyar da kai ga gadon, ya rufe ƙofa ta biyu da kansa. Motar ta hau gangaren a hankali, ta tsaya mai gadin ƙofa ya ɗaga mata ƙarfen shinge, ta shiga titi ta ɓace a cikin motoci. Mai shara ta ɗauki tsintsiyarta. Mai babur ya tayar ya tafi. Tsohuwar ta zubar da shararta, ta zo ta shafa kan Ulfa ta wuce.

A cikin lif, wajen hawa na bakwai Ruƙayyatu ta fito da hannunta daga hijabi, ta kamo na Ulfa ta juya shi. Tafin ya yi ja, yana zafi. Ta riƙe shi a cikin nata har suka kai.

Ulfa tana kallon lambobin suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Ta gane cewa Baba bai ji tafin ba, kuma tun ranar da ya roƙe ta ya san ba zai ji ba. Su da suka rage ya bar wa hanyar da za su ce sun gode.